Ƙofar Na'isa da Gilashi Mai Rabin Duhu: Tarihin Sasanta Sama da Ƙasa a Cikin Hoto

A watan Afrilu na 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin a faɗaɗa hanya. Masana tarihi da masu kishin kayan gado sun yi ta ƙorafi, amma aikin gama ya riga ya gama. Daga baya an gina wata a gurbinta da kayan zamani, mai faɗin da zai ɗauki motocin yau. Ginin ƙasar da ake danganta asalinsa da ƙarni na 15 kuwa bai rage a ko'ina ba sai a zukatan waɗanda suka taɓa ratsa shi da kuma cikin hotuna. Abin da ke zuciya yana tafiya da mai shi kabari. Saboda haka duk ɗalibin da zai so sanin kaurin bangon ƙofar nan gaba, ko irin yaɓenta, ko yadda ruwan damina ya zaizaye kafaɗunta, hoto zai tambaya.

Sai dai ɗaukar hoton ginin ƙasa a ƙarƙashin sararin samaniyar Kano ba abu ne mai sauƙi ba. Sama ta fi bango haske ninkin-ba-ninkin. Idon mutum yana daidaita su nan take, har mai kallo ba ya lura da tazarar. Kyamara ba ta da wannan baiwa. In an auna haske da bango, sama ta fito fari fat kamar takardar da ba a yi rubutu a kanta ba. In an auna da sama, bango ya zama baƙin dunƙule. Ɗaya daga cikin dabarun da masu hoto suka ƙirƙiro don wannan matsala shi ne gilashi mai rabin duhu: samansa da duhu-duhu, ƙasansa garau, duhun yana sajewa a tsakiya. Ana kara shi a gaban idon kyamara, sai ya rage hasken sama ya bar na ƙasa yadda yake. Tambayar da mai saye ke yi yau, wato ko ya ɗauki mai faɗin milimita 84, ko 100, ko 150, tana da tarihin da ya haura shekara 150.

Badala kafin kyamara

Kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623). Ƙofar Na'isa tana ɓangaren kudu, tsakanin Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Gadon Ƙaya, kuma da faɗaɗawar Rumfa aka fi danganta ta. Badala ba gini ba ce da aka gama rana ɗaya aka wanke hannu. Damina tana ci, mutanen gari suna mayarwa da aikin gayya, don haka fuskarta tana sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Baƙin da suka fara bayyana ta ga Turai da alƙalami suka yi. Hugh Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya kuma ƙirga ƙofofi 15. Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo a 1851, ya hau Dutsen Dala ya zana birnin. Mai zane ba ruwansa da rikicin sama da ƙasa. Yana iya sa gajimare a sama, ya sa inuwa a jikin bango, kowanne gwargwadon yadda idonsa ya gani. Bayan da rundunar Kanar Morland ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma ƙafa 40. Daga wannan lokaci kyamara ta fara zama baƙuwar yau da kullum a bakin ƙofofin birnin.

Farantin da ba ya ganin ja

A shekarar da Barth ya shigo Kano, wato 1851, wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya wallafa hanyar ɗaukar hoto a kan farantin gilashi mai jiƙaƙƙen sinadari. Wannan hanya ta mamaye sana'ar kusan shekara 30. Aibinta shi ne sinadarin shuɗin haske kaɗai yake ji. Sama shuɗiya ce, sai ta ƙone ta koma fari. Ja kuwa farantin yana ɗaukarsa kamar baƙi. Ga birnin da aka gina da jar ƙasa, matsalar ta zama biyu: abin da ake son gani shi ne farantin ya fi makancewa a kansa, abin da ke bayansa kuma shi ne ya fi cika masa ido.

Wanda ya fara shahara da maganin wannan shi ne Gustave Le Gray na Faransa. A 1856 da 1857 ya fitar da hotunan teku masu gajimare a sama da igiyar ruwa a ƙasa, abin da ya ba mutanen London da Faris mamaki. A wasu daga cikinsu faranti biyu ya yi amfani da su, ɗaya an auna shi da sama, ɗaya da ruwa, sannan ya haɗa su a takarda ɗaya wajen wanki. Teku ta sauƙaƙa masa aikin, domin layin da ya raba ruwa da sama miƙaƙƙe ne, ba bishiya ba soro.

Masana sinadarai sun bi ta wata hanyar. A 1873 Hermann Vogel na Jamus ya gano cewa in an sa wani rini a cikin sinadarin, farantin zai fara jin kore da rawaya. Farantin da ke jin dukkan launuka har da ja bai shiga kasuwa ba sai a 1906, daga kamfanin Wratten and Wainwright na Ingila. Ke nan kyamarorin da suka iso Kano a 1903 ba sa ganin launin badala yadda yake. Mai duba tsofaffin hotunan birnin, in ya ga farar sama da bango mai duhu, kada ya ɗauka hazo ne kullum ko kuma ƙasar baƙa ce. A farkon ƙarni na 20 kamfanoni irin su Kodak sun riƙa sayar da ɗan gilashin da rabinsa na sama rawaya ne, domin ya tare shuɗin sama ya bar ƙasa. Shi ne kakan gilashi mai rabin duhu na yau.

Milimita 36 da 24

Kalmar da masu sayar da kyamara ke yawan faɗa, wato kyamara mai cikakken fili, ta samo asali ne daga Oskar Barnack, injiniyan kamfanin Leitz a Jamus. Ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, ya ware wa kowane hoto fili mai tsawon milimita 36 da faɗin 24. Kyamararsa, Leica, ta shiga kasuwa a 1925. Wannan ma'auni ya zauna daram, har da kyamarorin dijital suka zo aka riƙa auna su da shi. Masu sensa daidai wannan girma sun fara fitowa a 2002, kuma Canon 5D ta 2005 ce ta sauko da farashinsu kusa da hannun masu sana'a.

A kan wannan fili ake lissafin faɗin ganin idon kyamara. Ido mai lamba 35 yana ganin digiri 63 daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai 24 yana ganin 84, mai 16 yana ganin 107, mai 14 kuma 114. Ga wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ma'anar wannan a fili take. Daga nisan mita 10, ido mai 35 zai ɗauki faɗin mita 10 da ɗan ɗoriya, mai 24 zai ɗauki mita 15, mai 16 kuma mita 22 da rabi. A da, filin da ke wajen badala gonaki ne da kududdufai, mai hoto yana iya ja da baya yadda ya so. Yau titin BUK ne a wajen Ƙofar Na'isa, da motoci da 'yan adaidaita sahu, a ciki kuma gidaje da shaguna sun matso. Wanda ba shi da wurin ja da baya dole ya nemi ido mai faɗin gani. Ido mai faɗin gani kuwa yana kwaso sama da yawa, sai tsohuwar matsalar ta ƙara girma.

Fim mai launi ya ƙara tsananta ta. Masu hoto suna auna haske da mataki, kowane mataki ɗaya ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Fim ɗin da ake haskawa a bango, irin Kodachrome da ya fito a 1935 da Velvia da ta fito a 1990, mataki 5 zuwa 6 kawai yake iya riƙewa tsakanin duhu da haske, kuma ba a gyara shi wajen wanki. Abin da aka ɗauka shi ke nan. A wannan zamani ne aka yi muhimman ayyukan adana bayanin ginin Kano: littafin H. L. B. Moody kan ganuwa da ƙofofin birnin, wanda Sashen Kayan Tarihi ya buga a 1969, da aune-aunen Z. R. Dmochowski ɗan Polan, waɗanda aka wallafa cikin juzu'i 3 a 1990.

Yadda girma ya zama tambaya

Gilashi mai rabin duhu na farko zagayayye ne, ana murɗa shi a bakin ido. Illarsa ita ce layin duhun yana tsakiya har abada, sai mai hoto ya tsara hotonsa bisa son gilashi. A 1978 wani mai hoto ɗan Faransa, Jean Coquin, ya fito da tsarin da aka sani da Cokin: zobe a bakin ido, mariƙi a kan zoben, sannan gilashi mai kusurwa 4 da ake zurawa a mariƙin, a ɗaga shi ko a sauke shi har layin ya dace da inda sama ta haɗu da ƙasa. Zobe kaɗai ake sauyawa daga ido zuwa ido. Ƙaramin samfurin yana da faɗin milimita 67, na biye da shi 84, daga baya aka ƙara masu 100 da 130. Kamfanin Lee na Ingila, wanda ya fara da kayan hasken silima, ya kafa nasa tsarin a kan milimita 100, da gilashi mai tsawon 150. A Amurka, mai hoton duwatsu Galen Rowell ya yi aiki da kamfanin Singh-Ray, ya kuma yayata rabe-raben da ake bi har yau: mai rage mataki 2 ko 3, mai kaifin layi ko mai laushin layi. Lambobin da ake rubutawa a gefen gilashi, 0.3 da 0.6 da 0.9, suna nufin mataki 1 da 2 da 3. Mai 0.9 yana barin kashi 1 cikin 8 na hasken sama ya wuce.

Abin da ya riƙa tura girman gaba shi ne idanun kyamara da suka riƙa ƙara faɗin gani. A 2007 Nikon ta fitar da ido mai 14 zuwa 24, wanda gabansa ya kumburo kamar ƙoƙo, ba shi da wurin murɗa zobe. Sai a 2010, shekarar da aka rushe Ƙofar Na'isa, Lee ya fitar da mariƙi na musamman dominsa, mai ɗaukar gilashin milimita 150 a faɗi da 170 a tsawo.

Dalilin wannan tsere lissafi ne mai sauƙi. Mai leƙe ta taga, in ya ja da baya kaɗan, gefen tagar yana tare masa gani. Haka mariƙi yake ga idon kyamara. Tsawon filin hoto daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 43.3 ne. In an raba wannan da lambar ido, za a sami faɗin da ake bukatar ƙarawa a kan kowace milimita ɗaya da mariƙi ya turo gaba. Ga ido mai 24, amsar 1.8 ce. Ga mai 16, 2.7. Ga mai 14, 3.1. Wato mariƙin da ya turo milimita 10 a gaban ido mai 16 yana bukatar ƙarin faɗin milimita 27, in ba haka ba gefensa ya shigo hoto, kusurwoyi 4 su yi baƙi. Wannan duhun kusurwa shi ne hukuncin wanda ya sayi ƙaramin gilashi don rangwame.

Daga nan ƙa'idar zaɓi ta fito. Gilashi mai 84 yana wadatar da ido daga kimanin 28 zuwa sama, kuma in mariƙin siriri ne mai rami ɗaya yakan sauka ƙasa da haka. Mai 100 yana kaiwa kimanin 16 ko 17, matuƙar an yi amfani da zoben da ya koma baya wanda aka ƙera don ido mai faɗin gani, ba a kuma jera gilashi fiye da 2 ba. Mai 150 na idanu masu kumburarren gaba ne, yana da tsada da nauyi, kuma iska tana kama shi. Tsawo ma yana da aiki. Gilashi mai tsawon 150 yana ba da damar a ɗaga layin can sama ko a sauke shi can ƙasa ba tare da bakinsa ya bayyana a hoto ba. Akwai kuma abin da masu saye kan manta: yankin da duhu ke sajewa yana girma tare da gilashin. In an ɗora babban gilashi mai laushin layi a kan ƙaramin ido, duhun ba ya kaiwa cikarsa kafin hoton ya ƙare, sai mai mataki 3 ya yi aikin mai mataki 2.

Inda gilashin ke gazawa

Gilashin nan an ƙera shi ne da teku da fili a zuciya, inda layin sama miƙaƙƙe ne. Ƙofa ba haka take ba. Tana tasowa ta shiga cikin sama, kuma gilashi bai san bambancin gajimare da bango ba, duk abin da ya haura layi duhu zai sa masa. Mai kaifin layi zai raba ƙofa biyu, ƙasanta da haske, samanta da duhu kamar wadda gobara ta lasa. Ido mai faɗin gani yana ƙara fito da kaifin layin, musamman in an tsuke ƙofar haskensa. Shi ya sa mai laushin layi, mai mataki 2, ya fi dacewa da gini. Mai kaifin layi sai a kan Dala ko Goron Dutse, inda birni ke shimfiɗe kuma sama ta rabu da ƙasa a layi ɗaya.

Lokaci yana rage wa gilashi aiki. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana ratsa tsakar ka sau 2 a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu, rana tana karkata arewa da tsakar rana, sai fuskar badalar kudu ta waje ta kasance a inuwa, tazararta da sama ta yi nisa. Daga Satumba zuwa Maris rana tana kudu, tana haska wannan fuska. A Disamba tsayinta da tsakar rana bai wuce digiri 55 ba, kuma hasken hantsi ko na la'asar yana shafar bango a karkace, yana fito da kowace tsaga da kowane gurbin tubali. Hunturu kuma yana zuwa da nasa sharaɗin. Hazo yana mai da sama fara, ba gajimaren da za a ceto, gilashi zai mai da ita toka-toka ne kawai. Ƙurar tana da kaifi, tana karce gilashin roba in an goge shi a bushe, don haka a hure ta tukuna.

Kyamarorin dijital masu cikakken fili na yanzu suna riƙe kusan mataki 14 a gwajin ɗakin bincike, fiye da ninki biyu na abin da Kodachrome ke iyawa. Da yawa daga masu hoto sun ajiye gilashin, sun koma ɗaukar hoto 2 ko 3 daga kan ƙafar kyamara, ɗaya don sama, ɗaya don bango, su haɗa a kwamfuta. Dabarar Le Gray ce ta dawo bayan shekara 150, kuma ga gini mai tasowa cikin sama ta fi gilashi bin siffar bango. Amma tana bukatar abin da ke gaban kyamara ya tsaya cik, bakin ƙofar Kano kuwa ba ya tsayawa. Inda mutane da ababen hawa ke kai da kawo, ko a ɗaukar bidiyo, gilashin yana nan da amfaninsa.

Ga wanda burinsa adana shaida ne, akwai abin da ya fi girman gilashi muhimmanci. Ido mai 14 ko 16 yana miƙar da abin da ke gefen hoto, in kuma an ɗaga kan kyamara sama sai bangaye su riƙa karkata ciki. Ginin Hausa da ma yana da kauri a gindi yana sirancewa a sama, saboda haka wanda zai duba hoton nan gaba ba zai iya raba karkatar magini da karkatar ido ba. Ido mai 24, da kyamara a daidaice, daga nesa gwargwadon yadda titi ya bari, ya fi faɗin gaskiya. Wuri ne ke zaɓar ido, ido kuma ya zaɓi gilashi, kuma ga yawancin aikin badala amsar tana tsayawa a kan milimita 100.

Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan gadon duniya. Ƙyauren wasu tsofaffin ƙofofi suna ajiye a Gidan Makama. Ragowar badalar kuwa tana waje, damina tana cin rabonta, masu ɗibar ƙasa da masu gini suna cin nasu. Duk ɓangaren da ke tsaye yau tsakanin Ɗan Agundi da Gadon Ƙaya ya cancanci a ɗauke shi ciki da waje, da rani da damina, da sanda mai awo a jingine a jikinsa domin a san tsayi. A rubuta rana da wuri da lambar ido, a rubuta ko an sa gilashi da irinsa, a kuma ajiye hoton asali wanda ba a taɓa ba tare da wanda aka gyara. Da haka mai bincike na gaba zai san wace inuwa ce ta bango, wace ce ta gilashi.